Antigoni da Sarki Kiriyon: wa ya fi gaskiya a kan gawar nan?

Habu_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani tsohon wasan kwaikwayo na Girkawa da na gama karantawa, ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Sunansa Antigoni, Sofokilis ne ya rubuta shi, an fara nuna shi a birnin Atina wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ga labarin a gurguje. Odifus sarkin Tibis ya bar 'ya'ya huɗu: maza biyu, Itiyokilis da Folinaikis, mata biyu, Antigoni da Ismini. Mazan suka yi rigima a kan gadon sarauta. Folinaikis ya tafi Argos ya ɗauko rundunar baƙi, ya zo ya yi wa garin ubansa mai ƙofa bakwai ƙawanya. A bakin ɗaya daga cikin ƙofofin 'yan'uwan biyu suka yi gaba da gaba, kowa ya kashe ɗan'uwansa. Sarauta ta koma hannun kawunsu Kiriyon. Umarninsa na farko shi ne a yi wa Itiyokilis jana'izar girma tunda gari ya kare, shi kuwa Folinaikis a bar gawarsa a fili, ba binnewa ba kuka, karnuka da tsuntsaye su ci. Wanda ya saɓa, jifa ne hukuncinsa. Antigoni ta ce ba da ita ba. Ta je ta watsa wa gawar ƙasa, aka kama ta, ba ta yi musu ba. Ta gaya wa sarki ido da ido cewa ba Ziyus, babban allansu, ne ya yi wannan shela ba, kuma akwai dokokin alloli da ba a rubuce suke ba, ba na yau ba ne ba na jiya ba, ba wanda ya san ranar da suka fara, shelar ɗan'adam ba ta isa ta goge su ba.

Kowa Antigoni yake yabo. Ni kuwa ina ganin masu karatu ba su yi wa Kiriyon adalci ba. Jiya jiya gari ya fita daga yaƙi, jinin mutane bai bushe ba. Folinaikis ya zo ne ya ƙone garin ya bautar da danginsa. Sabon sarki ya kafa doka, wadda ta fara karya ta 'yar gidansa ce, kuma ita ɗansa Haimon zai aura. In ya ɗaga mata ƙafa, gobe wa zai ƙara jin maganarsa? Ku faɗa mini inda na kauce.

Ummu_Khalil:
Wa alaikumus salam. Malam Habu, ni tun kafin ka kai ƙarshe na san inda na tsaya. Babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Wanda ya yi laifin ya riga ya tafi inda za a yi masa hisabi. Gawa kuma me ta yi? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle ɗan'uwan da kuka sha nono ɗaya.

Malam_Na_Zaure:
Ummu Khalil, Allah ya yi albarka, amma mu bi a hankali. Wannan hadisi a kan Allah Maɗaukaki yake magana. Mutanen nan masu bautar gumaka ne, Ziyus ɗin da yarinyar take kira ba abin bauta ba ne da gaskiya. Kada mu ɗauki nassi mu ɗora a kan labarin da ba nasa ba. Abin da zan yarda da shi shi ne binne mamaci yana cikin abin da aka halicci ɗan'adam a kansa. A Suratul Ma'ida, aya ta 31, hankaka Allah ya aiko ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai rufe gawar ɗan'uwansa da ya kashe. To ko wanda bai san Allah ba zai ji a jikinsa cewa barin gawa ga karnuka ba daidai ba ne. Ta nan nake fahimtar yarinyar, ba ta hanyar allolinta ba.

Ummu_Khalil:
Na ji, Allah ya gafarta Malam. Ban ce addininsu daidai ne ba. Cewa na yi tambayar da suka yi wa kansu ita ce muke yi wa kanmu har yau.

Lauya_Bashir:
Bari in ɗan ƙarfafa wa Habu, domin akwai abin da masu kallo na farko suka sani wanda mu ba ma lura da shi. A dokar Atina ta zamanin, wanda aka samu da cin amanar ƙasa ba a binne shi a cikin ƙasar Atika, wato yankin da birnin Atina yake. Temistokilis, wanda ya jagorance su suka karya Farisawa a yaƙin Salamis a shekarar 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya sun yanke masa hukuncin cin amana, ya mutu yana gudun hijira. Masanin tarihinsu Tusididis ya ruwaito cewa danginsa sun ce a ɓoye aka kawo ƙasusuwansa gida, saboda doka ta hana. Ke nan lokacin da Kiriyon ya ce maci amana bai cancanci kabari ba, mutanen da ke zaune a filin kallo ba wani baƙon abu suka ji ba.

Ƙari a kan haka, a shekarar 343 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗan siyasar Atina Dimostinis ya sa aka karanta jawabin Kiriyon na farko a gaban kotu, yana kafa hujja da shi a kan abokin hamayyarsa Eskinis, wanda a da ɗan wasa ne har ya taɓa fitowa a matsayin Kiriyon. Wato jawabin da sarki yake cewa ba a sanin zuciyar mutum sai an ba shi mulki, kuma duk wanda ya fifita masoyinsa a kan ƙasarsa ba kowa ba ne. Dimostinis ya ɗauke shi a matsayin maganar kishin ƙasa ta gari.

Amma ga inda na rabu da kai, Habu. Atinawa fitar da gawar suke yi bayan iyaka, can dangi na iya zuwa su rufe abinsu. Kiriyon bai yi haka ba. Masu gadi ya zuba a kan gawar don ya tabbatar ta ruɓe a idon jama'a. Hana kabari a cikin gari hukunci ne. Tsare gawa don karnuka su ci kuwa, wannan shiga hurumin da ba nasa ba ne.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Ni dai abin da aka koya mana tun muna yara shi ne bin na gaba bin Allah. Idan kowa zai tashi ya ce shi dokar sama yake bi, ba ruwansa da hukuma, to gari ya watse ke nan. Mun ga mutanen da suka zubar da jini da irin wannan magana.

Hauwa_Dirama:
Ɗan Zango, tsoronka yana kan hanya, amma duba abin da Antigoni ta yi da hannunta. Ba ta tara mayaƙa ba, ba ta zuga kowa ba, ba ta taɓa ko mai gadi ɗaya ba. Ƙasa ta ɗebo ta watsa, ta zuba abin sha na hadaya sau uku daga butar tagulla, shi ke nan. Da aka kama ta ba ta gudu ba, ba ta kuma ce hukuncin kada ya hau kanta ba. Wannan da ɗaukar makami ba hanyarsu ɗaya ba.

Na taɓa shirya wasan nan da ɗalibaina 'yan sakandare, kuma wurin da ya fi kama masu kallo shi ne labarin mai gadi. Yana ba da labarin yadda suka share ƙasar da aka watsa da farko, suka koma kan tudu ta inda iska ba za ta kawo musu wari ba. Rana ta take sai ga guguwa ta turnuƙe fili, kowa ya runtse ido. Da ta lafa sai ga yarinya tsaye a kan gawar tana ƙara irin ta tsuntsuwar da ta dawo ta tarar da sheƙarta babu 'ya'ya. Ɗalibar da ta fito a matsayin Antigoni, ba a daɗe da rasuwar yayanta ba. Da ta durƙusa tana tattara ƙasa da tafin hannu tana zubawa a kan zanen da muka shimfiɗa a matsayin gawa, hannunta rawa yake yi. Iyaye mata da ke layin gaba duk sun ja mayafi sun rufe fuska.

Abu ɗaya kuma da Malam Habu ya tsallake. Kiriyon ba dokar gari kaɗai yake karewa ba. Da bakinsa ya ce in yarinyar nan ta ci bulus, to ita ce namiji, shi ba namiji ba ne. Ya sake cewa muddin yana numfashi mace ba za ta mulke shi ba. Ya maimaita wannan har a gaban ɗansa. Alhali a al'adarsu wankan gawa da kukan mutuwa aikin matan gida ne. Aikinta ta yi, shi kuwa ya ɗauka mazantakarsa aka taɓa.

Habu_Tarihi:
Malama Hauwa, na ga waɗannan layukan. Amma mutum yana iya zama mai girman kai kuma dokarsa ta zama daidai. Halinsa daban, hujjarsa daban.

Sadiq_Falsafa:
Abin da Habu yake lalube shi ne abin da Hegel, masanin falsafar nan na Jamus, ya faɗa tun ƙarni na 19. A wurinsa wasan ba karon gaskiya da ƙarya ba ne, gaskiya biyu ce suka yi karo. Kiriyon yana riƙe da haƙƙin gari, Antigoni tana riƙe da haƙƙin gida da na matattu, kowannensu ya rungumi nasa ya rufe ido daga na ɗayan, shi ya sa duka suka hallaka. Ita ba ta taɓa tsayawa ta yi maganar mutanen Tibis da suka mutu saboda yaƙin da ɗan'uwanta ya kawo ba. Shi kuma bai taɓa tuna cewa gawar nan ta ɗan 'yar'uwarsa ce ba, kuma a matsayinsa na namijin da ya rage a gidan, binne ta a wuyansa take kafin ta zama a wuyan kowa.

Aristotal, masanin falsafar Girka, kuwa a littafinsa na balaga ya kawo maganar Antigoni a matsayin misalin dokar da take ta kowa da kowa, wadda ba sai wata al'umma ta zauna ta rubuta ba.

Lauya_Bashir:
Sadiq, ra'ayin Hegel yana da daɗin ji, amma Sofokilis bai raba musu laifi daidai ba. Ku koma wurin makaho Tiresiyas, tsohon mai duban garin. Ya zo ya ce tsuntsaye suna yayyaga juna, hadaya ta ƙi cin wuta, karnuka da tsuntsaye sun kwaso naman gawar sun ƙazantar da duk wuraren bautar garin. Ya ce wa sarki wace jarumta ce a sake kashe wanda ya mutu. Amsar Kiriyon ita ce an ba tsohon cin hanci, har ya ce ko gaggafan Ziyus za su ɗauki naman su kai gadon mulkinsa, ba zai bari a binne ba. A nan Tiresiyas ya faɗi laifin ƙarara: ka tura mai rai ƙarƙashin ƙasa, ka tsare matacce a bayan ƙasa. Babu wurin da wani ya zo da saƙon alloli ya ce Antigoni ta yi kuskure.

Yakubu_Jos:
Sannunku da tattaunawa. Mu ma a wajenmu wannan tambaya tsohuwa ce. A Ayyukan Manzanni 5:29 Bitrus ya ce wa majalisa dole mu yi wa Allah biyayya fiye da mutane, a Romawa 13 kuma an ce kowa ya yi biyayya ga mahukunta. Duka biyun suna cikin Littafi ɗaya.

Amma Lauya, abin da ya fi damuna shi ne wannan. Gaskiya ne ba wanda ya ce ta yi kuskure. To wa ya cece ta? Maimakon jifa, an kai ta kogon dutse an toshe, da ɗan abinci kaɗan don kada alhakin jininta ya hau kan gari. Tana tafiya tana tambaya wace dokar alloli ta karya, wa kuma za ta kira ya taimake ta, tunda tsoron alloli ne ya jawo aka kira ta marar tsoronsu. Ba ta ji amsa ba. Tiresiyas bai iso ba sai bayan an tafi da ita, kuma ko sunanta bai ambata ba. Ta rataye kanta ba ta san an gaskata ta ba. Allolin nan sun rama wa dokarsu, amma yarinyar da ta tsaya musu sun bar ta ita kaɗai.

Malam_Na_Zaure:
Malam Yakubu ya taɓo abin da nake nufi tun farko. Mai imani da lahira da sakamako ya san wahalarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. Ita kuwa abin da take sa rai kawai shi ne ta tarar da iyayenta da ɗan'uwanta suna murna da ita a cikin matattu. Kuma kashe kai da ta yi, wannan ba abin koyi ba ne ko kaɗan.

Dattijo58:
'Ya'yana, ku bar ni in ba ku abin da na gani da idona, shekaru masu yawa da suka wuce. An kama wani saurayi a unguwarmu da laifin fashi, jama'a suka yi masa rubdugu har rai ya yi halinsa. Aka bar shi a bakin kwata, wani ya jefa masa tsohuwar tabarma. Tun hantsi ba wanda ya matsa kusa, kowa na tsoron a ce da shi ake yi. Sai ga yayarsa ta zo daga gidan aurenta, ba ko takalmi. Ta kwance mayafinta ta lulluɓe shi, ta zauna a ƙasa tana kore masa ƙuda da murfin kwano. Ana zaginta, ba ta ɗaga kai ba. Har la'asar tana nan.

Limaminmu na lokacin, Allah ya jiƙansa, da aka idar da salla ya juyo ya ce a nemi izinin hukuma a ɗauko yaron. Wasu suka fara gunaguni. Ya ce jana'iza farilla ce a kan al'umma, in ba wanda ya yi, duk unguwa ta ɗauki zunubi. Ya kawo abin da ke cikin Risala, cewa ko wanda shugaba ya kashe da haddi ko ƙisasi ana yi masa salla, sai dai shugaban shi ba ya sallatarsa. Aka yi masa wanka, aka sa likkafani, Liman ya sa na'ibinsa ya ja sallar, shi ya koma gefe ya tsaya. Kowa ya gane saƙon: ba a yarda da aikin yaron ba, ba a kuma wulaƙanta gawarsa ba.

Da Kiriyon ya samu mai ba shi irin wannan shawara, ya ce ni ba zan je ba, ba za a yi masa ganga da girmamawa ba, amma ku kai shi bayan gari ku rufe, da ba a yi asarar rai ko ɗaya ba, kuma da girmansa bai ragu ba.

Ummu_Khalil:
Allahu Akbar. Baba, Allah ya ƙara lafiya. Allah ya saka wa matar nan.

Nas_Rabi:
Ina so in kawo wani ɓangare. Lokacin korona a 2020 hukumomi sun sa ƙa'idoji a kan yadda za a taɓa gawa da yawan masu raka ta, kuma na ga dangin da suka yi fushi sosai da mu ma'aikatan lafiya. To a nan ma hukuma ta shiga tsakanin mutum da mamacinsa. Za a ce ita ma Kiriyon ce?

Lauya_Bashir:
A'a Anti Rabi. Waccan ƙa'ida don kare masu rai aka yi ta, kuma ƙarshenta dai an binne. Ta Kiriyon ba ta kare kowa daga komai ba, hasali ma ita ta jawo wa gari ƙazanta. Ma'aunin a wurina shi ne me dokar take son cimmawa.

Binta_Maradi:
Duk kun manta da Ismini, ni kuwa ita ce ta fi ba ni tausayi. Ta tuna wa 'yar'uwarta yadda ubansu ya ƙare, uwarsu ta rataye kanta, 'yan'uwansu maza suka kashe juna rana ɗaya, su biyu kaɗai suka rage. Ta ce mu mata ne, masu ƙarfi ke mulkinmu, zan roƙi matattu gafara tunda tilas aka yi mini. Wannan ba rashin imani ba ne. Mafi yawanmu nan Ismini ne, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kuma da aka kama Antigoni, Ismini ta fito tana kuka ta ce tare suka yi, a kashe su tare. Antigoni ta ture ta a gaban sarki da magana mai zafi. Mai cewa an halicce ta don ƙauna ba don ƙiyayya ba, ga 'yar'uwarta mai rai a gabanta, ita ba ta samu ko kalma ɗaya mai sanyi ba.

Hauwa_Dirama:
Binta, ana iya karanta wurin ta wata fuskar. Ƙila ture ta ta yi don ta tsira da ranta, kuma ta tsira ɗin. Na sa ɗalibata ta faɗi maganar da kaushi amma tana kau da kai don kada a ga hawayenta.

Binta_Maradi:
Wannan ke kika sa, Malama. A rubuce dai tun farkon wasan ta ce mata za ta tsane ta.

Aminu_Jss:
Don Allah wannan Odifus ɗin shi ne na littafin Ola Rotimi da muka karanta a makaranta, wanda ya kashe ubansa ya auri uwarsa?

Sadiq_Falsafa:
Shi ne, ƙanena. Rotimi ya ɗauko wancan labarin ya mayar da shi ƙasar Yarbawa. Antigoni 'yar Odifus ce. Ita ma ta zaga duniya: an nuna wani salon ta a Paris a 1944 lokacin da Jamusawa ke mamaye da Faransa. Nelson Mandela kuma ya ba da labari da kansa cewa a kurkukun tsibirin Robben fursunoni sun yi wasan, shi ne ma ya fito a Kiriyon.

Tunda Binta ta fara tone-tone, ga wani wurin da ya fi wannan wuya. Ana gab da kai ta kogo, Antigoni ta ce da mijinta ne ko ɗanta ya mutu, da ba ta saɓa wa gari ba, domin miji ana sake wani, ɗa ana sake haihuwa, amma tunda uwa da uba sun mutu, ba ta da inda za ta sake samun ɗan'uwa. To ina dokar da ta ce ba ta yau ba ce ba ta jiya ba? Dokar alloli tana bambanta gawar miji da ta ɗan'uwa? Goethe, marubucin nan na Jamus, har fata ya yi a ce wani masani ya tabbatar ba Sofokilis ne ya rubuta layukan ba. Sai dai Aristotal ya kawo su a matsayin na Sofokilis. Masanin tarihi Herodotus ma yana da irin wannan hujja a bakin matar wani Bafarishe da Sarki Dariyus ya ce ta zaɓi mutum ɗaya cikin danginta a bar shi da rai, ta zaɓi ɗan'uwanta ta bar miji da 'ya'ya.

Habu_Tarihi:
Yawwa! Wannan ya ƙarfafa ni. Ashe ba dokar sama ce ta motsa ta ba, son ɗan'uwa ne, ta lulluɓe shi da sunan alloli.

Ummu_Khalil:
Haba Malam Habu. Yarinya ce ana jan ta zuwa kabari da ranta, ba aure ba haihuwa, dattawan gari sun ƙi ba ta ko kalmar goyon baya. A wannan hali kake so ta tsara hujja kamar mai karantarwa? Zuciyarta ce take magana da ɗan'uwanta. Kuma in son ɗan'uwa da umarnin sama sun haɗu a kan abu ɗaya, ɗaya bai ɓata ɗaya ba. Matar da Baba ya ba mu labarinta, ƙauna ce ta zaunar da ita bakin kwata, Liman kuma ya zo da hukunci. Duka a kan gaskiya suke.

Yakubu_Jos:
Kada kuma mu ɗauka a wasannin Girkawa duk abin da aka ce alloli ne suka nema alheri ne. Agamemnon yanka 'yarsa Ifijiniya ya yi saboda an ce allahiya Atemis ce ta nema kafin iska ta taso jiragen yaƙi su tafi Taroy. Allansu Afolo ne ya umarci Orestis, ɗan Agamemnon, ya kashe uwarsa. A wasan Yurifidis na Bakkai, sarki Fentiyus, shi ma na Tibis, ya hana bautar Diyonisus, ƙarshensa uwarsa ce ta yayyaga shi da hannunta cikin hauka. Marubutan nan tsoron allolinsu suke yi fiye da yadda suke son su.

Sadiq_Falsafa:
Haka ne, amma sun kuma nuna ana iya sulhu. A wasan Eskilus na shekarar 458 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan Orestis ya kashe uwarsa, allahiya Atina ta kafa kotu ta mutane, ƙuri'a ta zo kunnen doki, aka sallame shi, sannan ta zauna ta lallashi tsofaffin allolin ramuwa ta ba su mazauni da girma a gari. Shi kansa Sofokilis a wasan Ajas ya kawo rigimar gawa: Agamemnon da Menelawus sun hana a binne Ajas, sai Odisiyus, wanda abokin gabarsa ne, ya sa baki har aka bari. A Antigoni mai sa bakin ne aka rasa.

Hauwa_Dirama:
Ba a rasa ba, an ƙi jin sa ne. Haimon ya zo wa ubansa da ladabi, bai ma fara da maganar aurensa ba. Ya ce Baba, ni ina jin abin da talakawa ke faɗa a ɓoye wanda ba za su iya faɗa a gabanka ba, gari yana tausayin yarinyar nan. Ya ba shi misalin itatuwan bakin rafi lokacin ambaliya, wanda ya sunkuya ya tsira da rassansa, wanda ya ƙi a tumɓuke shi har saiwa. Kiriyon ya ce yaro ne zai koya mini hankali, kuma gari ne zai gaya mini yadda zan yi mulki? Haimon ya ce garin da yake na mutum ɗaya ba gari ba ne. Malam Habu, mutumin da ya fara da cewa ƙasa ta fi kowa, ga shi ya dawo yana cewa ƙasa tasa ce.

Habu_Tarihi:
Ban musa cewa ya lalace a tsakiyar wasan ba. Abin da nake riƙe da shi har yanzu shi ne ranar farko yana da hujja, kuma Antigoni ba ta ba shi ƙofar da zai janye da mutuncinsa ba. Ta kira shi wawa a gaban dattawansa. Da ta zo ta roƙa tukuna fa?

Binta_Maradi:
A nan ina tare da kai.

Ummu_Khalil:
Ta roƙi wa? Wanda ya ce za a jefe duk mai kuka? Ɗansa na cikinsa ya roƙa da ladabi, me ya samu? Cewa ya yi a kawo ta a kashe a gaban idonsa.

Lauya_Bashir:
Akwai wani abu da ke ci mini rai a ƙarshen. Da Kiriyon ya tsorata ya sauko, dattawa suka ce masa je ka saki yarinyar, ka kuma binne gawar. Sai ya fara da gawar: aka wanke abin da karnuka suka bari, aka ƙone, aka tara ƙasa, sannan ya nufi kogo. Ya tarar ta rataye kanta, Haimon na rungume da ita. Yaron ya tofa masa yawu a fuska, ya kai masa sara ya kuskure, ya juya takobin ya soka wa kansa. Uwarsa Yuridisi ta ji labari, ta shige gida ba ta ce uffan ba, ta kashe kanta tana la'antar mijinta.

Ni dattawan nan ma ina tuhumarsu. Tun da mai gadi ya kawo labarin farko shugabansu ya ce anya wannan ba aikin alloli ba ne, sarki ya daka masa tsawa, suka yi gum. Ba su sake buɗe baki da gaske ba sai da Tiresiyas ya tafi.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Lauya, faɗa daga nesa tana da sauƙi. Sarkin da ya ce zai rataye masu gadinsa da ransu in ba su kawo mai laifi ba, wane dattijo ne zai tsaya masa?

Dattijo58:
Wanda ya san don me aka ajiye shi a fada, ɗana. Su goma sha biyar ne a tsaye a wurin, kuma shi ya kira su da kansa saboda ya san gari na jin maganarsu. Ba zai jefe su duka ba.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Allah ya ja kwana Baba, amma ni ban tabbata ba zai iya ba.